Yadda Baƙo Zai Zaga Birnin Alƙahira a Zuwansa na Farko

Mutanenmu da yawa sun taka Alƙahira, amma kaɗan ne suka gan ta. Wani jinya ce ta kai shi, daga masauki sai asibiti, daga asibiti sai filin jirgi. Wani sari ya je, hankalinsa na kan abaya da takalma. Wani kuwa hanyar Umara ce ta bi da shi, ya kwana ɗaya, aka kai shi gindin dalar Giza, ya hau raƙumi aka ɗauke shi hoto, ya dawo gida yana cewa ya ga Masar. Abin yana yi mini ciwo, domin garin nan ba bare ba ne a wurinmu. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi, malaman Alƙahira biyu ne suka rubuta shi, Jalaluddin Mahalli da almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi. Shi Suyuɗin, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas. Shaihu Halil mai Muhtasar, wanda alƙalanmu da malaman zaure suka yi ƙarnoni suna yanke hukunci da littafinsa, shi ma a nan ya zauna ya karantar.

Wannan bayani na mai kwana huɗu ne ko biyar a hannunsa. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka ce sai ka ga komai. Gari ne mai mutum sama da miliyan 20 idan an haɗa da kewayensa, cunkoson motocinsa kuma yana iya cinye maka rabin yini. Ɗauki unguwa ɗaya a rana, ka fita da sassafe, sauran ka bar wa ƙafarka.

Mataki na farko: lokaci, takardu da guzuri

Ka tsai da tafiyarka tsakanin Oktoba da Maris. A Disamba da Janairu dare yakan yi sanyi har kusan digiri 10, wani lokaci da yayyafi, don haka ka tafi da rigar sanyi ta gaske. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar da suke kira hamasin, mai zafi da ƙura, takan rufe gari na yini guda. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa rana ce tsagwaronta. Mun saba da zafi, gaskiya ne, amma tsayuwa a filin Giza inda babu ko bishiya ɗaya daban take. Idan mai son littafi ne kai, ka nufi ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin babban baje-kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969. A watan azumi wuraren tarihi kan rufe da wuri, amma bayan tarawihi unguwar Husaini ba ta barci.

Biza a ofishin jakadancin Masar ake nemanta, a Abuja ko a Yamai, kuma a fara da wuri. Ka tabbata fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida. Katin allurar shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, ka ajiye shi cikin fasfo, kada ka jefa shi a akwati. Sai maganar magani, wadda nake roƙon ka ɗauka da muhimmanci: tramadol da danginsa babban laifi ne a Masar, ana ɗaure mutane a kansu. Duk maganin da kake sha, ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne. Ɗan jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto ma a bar shi gida, za a ƙwace.

Kuɗinsu fam ne, su kuma suna ce masa "gine". Ka riƙe dalar Amurka ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi, ba a bakin titi ba. Abin da ya fi kama baƙi ba shiri shi ne manyan wuraren tarihi yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti, sai kati. Kafin ka bar gida ka je bankinka ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasar waje, ka kuma san iyakar abin da zai cire. Ɗalibi ya tafi da katin shaidarsa na ƙasa da ƙasa, yawancin wurare rabin kuɗi yake biya. Mutumin Najeriya ya sayi adafta, soket ɗinsu mai hanci biyu ne zagayayye irin na Nijar.

Mataki na biyu: isa da masauki

Daga Kano ko Abuja jirgi kai-tsaye ba ya wuce awa biyar. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Kana fitowa daga wurin ɗaukar kaya ka sayi layin waya, Vodafone ko Orange ko makamancinsu, da fasfo ake yi, minti kaɗan ne. Masu tasi za su tare ka tun daga ƙofa. Ka ce "la, shukran" ka wuce, ka kira Uber ko inDrive ta manhaja. Lambar mota da Larabci ake rubuta ta, amma wannan ba matsala ba ce ga wanda ya saba duba lambar shafi a Mus'hafi.

Inda ka sauka shi ke yanke yawan wahalarka. Ni tsakiyar gari nake zaɓa, wanda suke kira Wusɗul Balad, kusa da dandalin Tahrir, ko unguwar Dokki a tsallaken kogi, saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa yana bi ta duka biyun. Zamalik tsibiri ne a cikin kogi, shiru da tsafta, amma da tsada. Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, nan ɗalibanmu da yawa suke zaune, za ka samu mai jin Hausa da abincin gida, sai dai da nisa daga tsohon gari. Otal-otal ɗin da ke kallon dala suna da daɗin kwana ɗaya, amma kada ka mai da su mazauninka na mako, kullum za ka riƙa ratsa gari baki ɗaya.

Mataki na uku: koyon tafiya a gari

Metro ɗin Alƙahira shi ne na farko a Afirka, an buɗe shi a 1987, yanzu layi uku ne. Yana da arha, kuma cunkoson titi bai shafe shi ba. Tashar Sadat ita ce ta Tahrir. Ki lura 'yar'uwa, akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgi, da alama a kan dandamali. Kai kuma namiji kada ka faɗa ciki, akwai tara. Ka guje shi da ƙarfe takwas na safe da kuma la'asar sakaliya, lokacin tashin ma'aikata.

Tsallaka titi kuwa, ka nemi ɗan gari da zai tsallaka, ka tsaya a gefensa ta yadda shi ne ke tsakaninka da motoci, ka bi takunsa. Kada ka ruga, kada ka ja da baya.

Wanda ya yi Larabcin makaranta zai sha mamaki a rana ta farko. Jimun tasu "ga" ce, ƙaf kuma haɗiye ta suke yi, shi ya sa Ƙal'a take zama "Al'a", ƙahwa ta zama "ahwa". Za su fahimci fusaharka, kuma sukan girmama mai yin ta. Riƙe waɗannan: "bikam?" nawa ne, "gali" ya yi tsada, "fen?" ina ne, "ala ɗul" miƙe, "ala gamb" tsaya a gefe in sauka, "halas" magana ta ƙare. Ka tanadi ƙananan takardun kuɗi don bakshish, wato ɗan ihsanin da ake ba mai tsaron takalma a masallaci, mai banɗaki da mai ɗaukar kaya. Kada ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko ginin gwamnati.

Idan ka samu ɗalibin Azhar ɗan gida ya raka ka, ka yi dace, don baƙo makaho ne ko da idonsa. Amma ka tuna karatu ya kai shi. Kada ka raba shi da darasi, ka biya masa mota da abinci da tikiti, sannan ka sallame shi sallama ta mutunci. Yawancinsu da ƙyar guzurinsu ke kai su ƙarshen wata, kunya ce ke hana su faɗa.

Mataki na huɗu: ranar farko, tsohon birnin Faɗimiyyawa

Da nan nake so ka fara, kafin dala, domin nan ne ainihin abin da ake kira Alƙahira. Jauhar Siƙilli, kwamandan halifa Mu'izzu na daular Faɗimiyyawa, shi ya kafa ta a 969. Ka sa mota ta ajiye ka a Babul Futuh da ƙarfe takwas. Ƙofar ganuwa ce ta dutse da aka gina a 1087, ita da 'yar'uwarta Babun Nasr da ke kusa. Wanda ya san abin da ganuwa da ƙofa suke nufi a garuruwanmu zai gane wurin nan da kallo ɗaya: a da, daga nan gari ya fara. Kana shiga, masallacin Hakim yana hagunka, an gama shi a 1013. Shiga ka zauna minti goma a farfajiyarsa kafin rana ta ɗaga.

Daga nan sai ka miƙe kudu a kan titin Mu'izzu. Tsawonsa zuwa ɗaya ƙofar bai fi kilomita ɗaya da rabi ba, amma zai ci maka yini idan ka yi masa adalci. Ka ratsa hagu zuwa Baitus Suhaimi, gidan wani babban iyali da aka fara ginawa a 1648, ka ga yadda suke shigo da iska gida ba tare da lantarki ba, da tagogin katako masu saƙa waɗanda mata ke ganin waje ta cikinsu ba a gan su ba. Gaba kaɗan, inda titi ya rabu biyu, akwai wani ɗan gini na 1744 da nake ƙauna fiye da manyan da ke kewaye da shi, sabilin Abdurrahman Katkhuda. A da, a ƙasa ruwan sha ne kyauta ga duk mai wucewa, a sama makarantar allo ce ta marayu. Irin wannan gini yana da yawa a tsohon gari. Mai kuɗin wancan zamani idan zai yi sadaka mai gudana, ruwa da karatu yake haɗawa a gini ɗaya. Duk lokacin da na tsaya a gabansa sai na tuna almajiranmu.

Sai filin da ake kira Bainal Ƙasraini, inda sarakunan Mamalik, wato bayin yaƙin da suka mulki Masar, suka jera gine-ginensu kafaɗa da kafaɗa. A nan ake sayen tikiti ɗaya da ke buɗe maka wurare da dama a titin. Idan ɗaya kawai za ka shiga, shiga na Sarki Ƙalawun, wanda aka gina tsakanin 1284 da 1285: makaranta, hubbare da asibitin da a da ake duba marasa lafiya kyauta. Ɗaga kai a cikin hubbaren, ka ba idonka lokaci ya saba da duhun, sannan aikin marmara da gilashin launi zai fito maka. Mansa Musa na Mali ya yada zango a garin nan a 1324 a hanyarsa ta hajji, lokacin ɗan Ƙalawun ɗin, Nasir Muhammad, yana kan mulki. Ginin da kake ciki yana tsaye a ranar.

Bayan layin maƙeran zinariya za ka ga hanyoyin Khan Khalili a hagu, kasuwar da ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 14. Yau kallo kawai za ka yi, sayayya sai ranar ƙarshe. Ka fito ta dandalin masallacin Husaini, inda mutanen Masar suka yi imani an binne kan jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko da yake malaman tarihi sun saɓa a kan haka. Daga nan bi ta hanyar ƙarƙashin titi ka ɓullo a ƙofar Azhar, ka yi ƙoƙari azahar ta same ka a ciki.

An fara ginin Azhar a 970, aka yi Juma'ar farko a 972. Shiga kyauta ne. Farfajiyar farin marmara ce, hasumiyoyi na kewaye da ita, har da ta Sarki Guri mai kai biyu. Bayan salla kada ka yi saurin fita. Zagaya ka ga halƙoƙin karatu, malami a kujera, ɗalibai daga Indonesiya, Senegal, Turkiyya da ƙasarmu sun kewaye shi a ƙasa. A da kowace al'umma tana da ɓangarenta na kwana da karatu da ake kira riwaƙi, akwai kuma na Barnawa. Tun kafin wannan ma, a tsakiyar ƙarni na 13, mutanen Kanem sun ba da kuɗi an gina musu makaranta da masauki a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudancin Alƙahira. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi daga Katsina, a garin nan ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Shaihu Hasan Jabarti. Idan ka zauna a wannan farfajiya, ka san ba kai ne na farko daga gida ba. A bayan masallacin akwai lungun Darbul Atrak, shagunan littattafai ne jere, ka duba farashi ka riƙe a ranka.

Da la'asar ka koma titin Mu'izzu ta Guriyya, ka bi cikin 'yan yadi har Babu Zuwaila, ƙofar kudu ta 1092. Ana hawa hasumiyoyin da ke kanta. Matakalar tana da ƙunci, amma daga sama za ka ga dalilin da ya sa ake ce wa garin mai hasumiya dubu. A wannan ƙofa Turkawan Usmaniyya suka rataye Ɗuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Tsallaken ƙofar kasuwar Khayamiyya ce mai rufi, inda ake ɗinkin rumfuna da kayan ado da hannu. Idan da sauran ƙarfi, hau mota zuwa lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudun da ya yi ɗaruruwan shekaru yana juji. Ka jira magariba a can. Kiran salla zai taso maka daga masallatai da ba za ka iya ƙirgawa ba, a lokaci ɗaya.

Abin da za ka ci

Cikin Bahaushe ba ya shan wahala a Masar. Ɗa'amiyya ƙosai ce, sai dai da wani irin wake da ganye ake yin ta. Mulukiyya miyar lalo ce. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, dom kuma goruba ce aka jiƙa. Da safe ful, wato dafaffen wake da mai, da gurasarsu aish baladi. Da rana kushari: shinkafa, taliya, adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana da arha kuma yana riƙe ciki. Ruwan rake ana matse shi a gabanka, ka sha nan take kafin ya yi baƙi. Ka zaɓi shagon da 'yan gari suka yi layi, ruwan sha kuma na roba. Ɗanyen ganye ka ɗan jinkirta masa har cikinka ya saba.

Mataki na biyar: ranar dala

Ka isa Giza da buɗe ƙofa. Tun 2025 babbar mashigar ta koma kan hanyar Fayyum, motocin haya ba sa shiga, bas-bas na wurin ne ke zagayawa da mutane daga tasha zuwa tasha. Tikiti a tagar hukuma ko a shafinta na intanet kaɗai ake saye. Duk wanda ya tare motarka a hanya ya ce an rufe ƙofa, ko ya ce ba a shiga sai da doki, ba gaskiya yake faɗa ba.

Dala uku ne manya. Ta Khufu ita ce babba, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146, da duwatsu sama da miliyan 2. Ta ɗansa Khafra takan yi kamar ta fi ta tsawo, saboda a kan tudu take, kuma ita ce ke da ragowar sumul ɗin dutse a ƙoƙuwarta. Ƙaramar ta Mankaura ce. Ka je ka tsaya a jikin dutse ɗaya na layin ƙasa, ka ga inda ya kai maka. Hoto ba ya nuna wannan. Hawa kan dala haramun ne a doka. Shiga cikin ta Khufu tikiti ne daban, hanya ce mai ƙunci da za ka bi a sunkuye kana hawa, ga zafi, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Mai ciwon baya, hawan jini ko numfashi, da dattijo, su haƙura, ba su rasa abu mai yawa ba. Ka ƙare da Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, tsawonsa mita 73, daga dutsen wurin aka sassaƙe shi.

Masu raƙuma da dawaki neman abincinsu suke yi, amma akwai masu wuce gona da iri. A idona wani ya ɗora dattijon da muke tare da shi a kan kuɗi kaɗan, da aka yi nisa ya ce na sauka daban ne. Idan za ka hau, ku yi magana ta ƙare tun kana ƙasa: nawa ne, fam ne ko dalar Amurka, na mutum nawa, zuwa ina, minti nawa, har da dawowa. Ka biya bayan ka sauka. Abin da aka miƙo maka aka ce kyauta ne, kada ka karɓa. Dabbar da ka ga ta rame ko tana da gyambo, kada ka hau ta.

Da rana ta take sai ka shige sabon Babban Gidan Tarihin Masar, kimanin kilomita 2 daga dala, wanda aka yi bikin buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 2025. Ka sayi tikitinsa ta intanet tun kafin ranar. Gunkin Ramsis na Biyu mai tsayin mita 11 ne zai tare ka a zaure. Kada ka ɓata ƙarfinka a ƙasa, nufi ɗakunan Tutankhamun, yaron sarkin da aka gano kabarinsa a 1922, kayansa sama da 5,000 suna nan wuri ɗaya. Awa uku ta ishe ka, bayan haka ido ya gaji.

Mataki na shida: ranar Ƙal'a da makwantan malamai

Salahuddin Ayyubi ne ya fara gina Ƙal'a, wato fadar mulki mai ganuwa, a 1176 a kan tudun Muƙaɗɗam, daga nan kuma aka mulki Masar kusan shekara 700. Masallacin da ake hangowa daga ko'ina mai siraran hasumiyoyi na Muhammad Ali Basha ne, an fara shi a 1830 a kan salon Istanbul. Kowa can yake rugawa, amma ka leƙa na Nasir Muhammad da ke gefensa, ya girme shi da shekara 500, kuma ya fi shi natsuwa. Akwai rijiya mai zurfi da ake kira Bi'iru Yusuf. Sunan Salahuddin ne Yusuf, rijiyar ba ta Annabi Yusuf ba ce, kada wani ya ruɗe ka.

Sauko ƙasa zuwa masallacin Sultan Hasan, wanda aka gina daga 1356 zuwa 1363. A ganina babu ginin da ya kai shi kwarjini a duk garin. Za ka bi wani dogon soro mai duhu, kwatsam sai ka fito fili, manyan rumfuna huɗu sun kewaye ka, a kusurwoyi kuma makarantun mazhabobi huɗu, kowacce da ƙofarta. Nemi ta Malikiyya. Mai fuskantarsa shi ne masallacin Rifa'i, an gama shi a 1912, a ciki aka binne Sarki Faruƙ da sarkin Iran na ƙarshe, wanda ya rasu a Alƙahira a 1980.

Daga nan tafiyar kamar minti ashirin ce ta titin Saliba zuwa masallacin Ibn Ɗulun na 879, wanda ya fi kowane masallaci a garin daɗewa a kan siffarsa ta asali. Fili ne fetal, babu hayaniya, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take nannaɗe. Hau.

La'asar ta Ƙarafa ce, tsohuwar maƙabarta. Nan Imam Shafi'i yake, wanda ya rasu a 820, a ƙarƙashin ƙubbar da aka gina a 1211. Imam Laisu bin Sa'ad yana kusa, a wannan maƙabarta kuma aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhabu, almajiran Imam Malik waɗanda ta hannunsu fiƙihun da muke bi ya iso mana. Ka je da rana, tare da wanda ya san hanya, saboda lunguna ne kuma ayyukan sababbin tituna sun canza wurin. Akwai iyalai da ke zaune a cikin maƙabartar, gidajensu ne, kada ka ɗauke su hoto. Ka yi sallama irin ta ziyarar kabari, ka yi wa mamata addu'a.

Mataki na bakwai: Fusɗaɗ da kogi

Hau metro layi na ɗaya ka sauka a Mar Girgis. Kana fitowa kana cikin unguwar Kiristocin Ƙibɗawa, da ragowar ganuwar Rumawa, da cocin da ake kira Mu'allaƙa don an ɗora shi a kan ƙofar ganuwar, da cocin Abu Sirga inda suke cewa Nana Maryamu ta fake da Annabi Isa yana jariri. Ka shiga da ladabin da kake so a shiga masallacinka da shi. Tafiya kaɗan arewa sai masallacin Amru bin Asi, sahabin da ya buɗe Masar ya kafa Fusɗaɗ wajen 641. An sāke gininsa sau da yawa, amma wurin shi ne wurin da sahabbai suka yi sahu.

Ɗan gaba ta mota akwai Gidan Tarihin Wayewar Masar, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a Afrilun 2021. Mafi yawansu suna wani ɗaki a ƙasa, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Kowa yakan tambayi wanne ne Fir'aunan Annabi Musa. Wasu sun ce Ramsis na Biyu, wasu sun ce ɗansa Marnabtah, duka biyun suna ɗakin, masana kuma ba su haɗu a kan ɗaya ba, don haka kada ka dawo gida kana rantsuwa. Abin da ya tabbata shi ne Ramsis na Biyu, mutumin da ya mulki Masar shekara 66, ga shi kwance a akwatin gilashi, gashinsa da farcensa ana gani. Ayar da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, a ɗakin nan na fi jin nauyinta.

Da yamma ka sauka bakin Nilu ka ɗauki faluka, jirgin ruwa mai filafilai wanda iska ke turawa. Da awa ake hayarsa, ku daidaita kafin ka taka. Ka bar masu inji da kiɗa da fitilu, ka nemi mai shiru.

Ranar ƙarshe: sayayya da komawa

Yanzu ka san gari, ka san farashi, sai ka koma Khan Khalili da Darbul Atrak. Ba sai an koya wa Bahaushe ciniki ba, amma ka sani kuɗin farko da za a faɗa wa baƙo yakan ninka na gaskiya, ka taya ƙasa sosai, in an ƙi ka yi gaba, sau da yawa za a kira ka. Shagunan cikin lungu sun fi na bakin hanya sauƙi, turare da kayan ƙamshi kuma ka shinshina kafin a ƙulla. Kada ka sayi wani abu da aka ce tsohon kayan tarihi ne: in na ƙarya ne ka yi asara, in na gaske ne fita da shi laifi ne.

Littafi yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ka auna kayanka tun a masauki, abin da ya haura ka tambayi masu shagunan littattafan, sun saba haɗa mutanenmu da masu aika kaya ta kago. Ragowar fam ɗinka ka kashe shi ko ka canza kafin ka tashi, don a gida da wuya ka samu mai karɓa. Ka bar masauki awa huɗu kafin tashin jirgi, in kuwa da yamma ne a ranar Alhamis, ƙara awa ɗaya.